Yadda ake ba kajin gida tsaba a Sakkwato: awo, lokaci da mahaɗi

A yawancin gidajen Sakkwato, daga cikin gari har ƙauyukan Kware, Bodinga da Wurno, ciyar da kaji bai wuce a ɗebi gero a watsa a tsakar gida ba. Haka aka gada, kuma kajin suna rayuwa. Sai dai kazar da take raye daban, wadda take saka ƙwai a kai a kai daban. Sau da yawa za ki ji mace tana kuka: "Wallah hatsi nika ba su safe da marece, amma sun ƙi ƙwai." To ai hatsin ne ya jawo. Tsaba, ta gero ce ko dawa ko masara, tuwo ce babu miya: tana ba kaza ƙarfi da kitse, amma ba ta da isasshen abin da ake gina tsoka, gashi da ƙwai da shi. Da uwargida zan yi magana, tunda galibi kajin nata ne. Maigida kuma ya kasa kunne, don shi ke zuwa kasuwa.

Wace irin kaza gare ki?

Daga nan ake farawa, don awon kazar da ke yawo ba ɗaya ba ne da na wadda aka kulle.

Kazar Hausa ita ke nema wa kanta mafi yawan abincinta. Tana tonon juji, tana bin turken awaki da gindin randa, tana tsintar ƙwari, tsutsa, gara da ɗanyen haki. Jikinta ƙarami ne, kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ƙwanta kuma ba ya cika wuce 40 zuwa 60 a shekara, saboda kwanci da renon 'yan tsaki suna cinye mata watanni. Ga irin wannan kaza tsaba ciko ce mai amfani ƙwarai.

Kajin gidan gona kuwa, jajayen nan masu ƙwai, ko Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta samar, ko Noiler da ta cika gidaje yanzu, muddin suna kulle ba su da abin ci sai wanda kika zuba. Mai ƙwai ɗaya tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Abincin buhu na masu ƙwai yana ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 16 zuwa 17 cikin 100, da kalsiyam mai yin ɓawon ƙwai kashi 3.5 zuwa 4. Furotin ɗin masara kashi 8 zuwa 9 ne, na dawa wajen 10, na gero 11 zuwa 12. Kalsiyam ɗinsu bai kai a ambata ba.

Ga inda ake faɗawa rami. Abincin buhu ya yi tsada, sai a ce bari a raba, rabi na buhu, rabi gero ko masara. Nan take furotin ya sauko daga 16 zuwa wajen 13, kalsiyam ya ragu da rabi. Kajin za su ci da zumuɗi, har ma su fi son tsabar, su yi ƙiba gwanin sha'awa. Bayan 'yan makonni ƙwai ya fara ƙanƙancewa, ɓawo ya yi laushi, wasu su ɗauke gaba ɗaya. Kuɗin da aka ce an rage a buhu sai ya zube ta wajen ƙwai.

Kajin nama, buroila, da ake fitarwa cikin mako shida zuwa takwas, kar ki ba su tsaba sam. Duk abin da ya rage musu furotin ƙara miki kwanakin ciyarwa yake yi.

Sayen tsaba

In ba daga rumbunku za ki ɗiba ba, a saya da kaka, tsakanin Oktoba da Disamba, lokacin da sabon hatsi ya karya farashi, ko a Kasuwar Kara ko a kasuwannin ƙauye irin na Achida da Illela. Masu hatsi sukan ware na shara da karyayye su sayar da rahusa a matsayin na kaji. Karyayye ba laifi. Wanda ƙwari suka huda ma za a iya amfani da shi, sai dai ya yi sakayau, kin sayi mudu amma rabinsa iska. Wanda ba a kusantarsa ko kyauta aka ba ki shi ne mai fumfuna.

Gwaji uku ne, kuma a gaban mai kaya ake yin su. Zura hannu can cikin buhu ki ɗebo, ba daga sama ba, ki duba ko akwai baƙi-baƙi, kore-kore ko dunƙulewa. Ki sansana: warin rima ko na tsami ya isa ki ajiye. Sannan ki ciji ƙwaya ɗaya. Busasshen hatsi ƙas yake karyewa, mai danshi kuwa lotsewa yake yi a haƙori.

Dalilin wannan tsanani shi ne gubar da fumfuna ke haifarwa, wadda masana ke kira afalatoksin. Masara da gyaɗa sun fi kamuwa da ita. Tana lalata hantar kaza, tana rage ƙwai, tana kashe 'yan tsaki, agwagi kuma sun fi kaji saurin mutuwa da ita. Wanki ba ya fitar da ita, shanya ba ta fitar da ita, dafuwa ma haka. Hatsin da kika ƙi tuƙa wa yaranki saboda ya ruɓe, rami ya kamata a haƙa masa, ba bakin kaza ba.

Haka nan irin shuka da ya rage bayan damina, wanda aka shafe da magani ya koma ja ko ruwan hoda. Guba ce aka shafa masa da gangan. Hatsin da ke warin maganin ƙwari ma a bar shi.

A cikin tsabar da muke da ita, gero ne sarki. Ƙwayarsa ƙarama ce, ba ta buƙatar inji, ya fi masara furotin, kuma a ƙasarmu yake fita. Dawa ta biyo baya, amma ki zaɓi farfara ko kaura. Jar dawa mai bauri tana da sinadarin da ke hana jikin kaza cin moriyar furotin, shi ya sa tsuntsayen gona ma suke ƙinta. Masara sai an kai inji an ɓarza, ba a niƙe ta gari ba, kuma mai ruwan ɗorawa ita ke sa ƙwaiduwa ta yi launi. Tsakin shinkafa, wanda ba ya wuyar samu a wajen masu injin casa tunda fadamun Wurno da Goronyo suna noma ta, yana ba da ƙarfi amma furotin ɗinsa ya fi na kowa ƙasa. Ki lura da abin da ake sayarwa da sunan dusar shinkafa, don sau da yawa rabinta ɓuntu ne, kaza kuma ba ta narkar da ɓuntu. Dusar surfenki ta gero ko dawa ta fi ta nesa ba kusa ba.

Wajen ajiya, durom mai murfi, jarkar man girki da aka wanke ta bushe sarai, ko buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, duk suna kashe ƙwari ta hana su iska, ba sai an zuba magani ba. A ɗora a kan katako, kar a jingina da bango, musamman da damina.

Haɗi

Ga kajin da ke kulle suna cin abincin buhu, haɗin mai sauƙi ne: awo biyu na gero, ɗaya na dawa, ɗaya na ɓarzajjiyar masara. Ba sai an ƙara komai ba, tunda ɗan abin motsa baki ne da motsa ƙafa.

Kajin Hausa masu yawo su ne haɗinsu ke son tsayawa, don babu buhun da zai cike musu giɓi. Abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne ƙuli-ƙuli, wanda furotin ɗinsa ya haura kashi 40. A kowane awo huɗu na tsaba ki zuba awo ɗaya na dakakken ƙuli-ƙuli, haɗin zai tashi wajen kashi 16. Ki nemi wanda ba a cika wa gishiri ba, gara ma ki sayi tunkuza wajen masu matsar man gyaɗa ki shanya ta bushe ƙarau. Yaji ba ya damun kaza, bakinta ba ya jin zafin barkono, amma gishiri in ya yi yawa zawo yake sa ta, 'yan tsaki kuma yana iya kashe su. Ki daka shi ya zo daidai girman gero. In ya zama gari, za su tsince tsabar su bar garin a ƙasa. Idan hakan ta faru, ki cuɗa da dusa ki yayyafa ruwa kaɗan har ya ɗan kama jikinsa, ba ya yi caɓi ba, ki zuba a faranti.

Waken suya ya fi ƙuli-ƙuli ingancin furotin, amma ɗanyensa yana da abin da ke hana narkewar abinci. Sai an soya shi a kasko ba mai, ana juyawa har ya yi ƙamshi ya ɗan sauya launi, sannan a ɓarza. Dusar da masu awara ke tacewa ma ɗanya ce, a tafasa ta kafin a bayar, kuma a ranar, don saurin tsami gare ta. Waken da ƙwari suka ci shi ma a dafa.

Duk da haka furotin ɗin gyaɗa da na hatsi suna da naƙasu iri ɗaya, wanda abin da ya fito daga jikin mai rai ke gyarawa. Burbushin busasshen kifi da ke taruwa a ƙasan kwandon masu sayarwa yana yi, fara yana yi in ba a barbaɗa mata gishiri ba, gara kuwa kyauta ce. Ga yadda ake tara ta: sami tsohuwar tukunyar ƙasa, cika ta da busasshen kashin shanu da guntayen kara, yayyafa ruwa, sannan ki kife ta da marece a inda kika ga hanyar gara, ki ɗan rufa mata buhu don rana. Da sassafe ki ɗaga ki zazzage wa kajin. A yi wannan a bayan gida ko bakin gona, nesa da azara da ƙofofi. Manyan nan masu cizo, zago, kar a ba ƙananan 'yan tsaki.

Ganye ma yana da rawar da yake takawa, musamman da rani da ƙasa ta bushe. Zogale, alayyafo, ragowar latas da kabeji, a ɗaure su a rataye daidai kan kaza su riƙa tsaga. Mu da ke garin albasa, kar a mayar da kaji wurin zubar da ruɓaɓɓiyarta. In ta yi yawa har a ƙwai ake jin warinta.

Wasu suna jiƙa tsaba ta kwana kafin su bayar. Yana da kyau, tana laushi kuma tana shigar wa kaza da ruwa lokacin zafi. Ki jiƙa ta kwana ɗaya kawai, ki tsane, ki bayar a gama a take. Amma kar ki bar dawa ta tsira. Tsiron dawa yana da guba, ita ce dai wadda makiyaya ke tsoro a gyauron dawa.

Awo

Ga kazar da ke cin abincin buhu, ƙa'idar ita ce kar tsaba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinta na yini. Giram 12 ke nan, cokalin cin abinci ɗaya a cike. Ki nemi ƙaramin gwangwanin madarar ruwa ki mai da shi ma'auni. Yana ɗaukar wajen giram 120 zuwa 130 na gero, wato rabon kaji goma na yini guda. Za ki ga ya yi kaɗan a ido, kajin kuma za su bi ki suna kuka kamar ba su taɓa cin abinci ba. Kar ki biye musu.

Kazar Hausa mai yawo tana son giram 30 zuwa 50 na wancan haɗin mai ƙuli-ƙuli. Kaji goma, gwangwani uku zuwa huɗu. Noiler da ake saki tana kiwo ta fi kazar Hausa jiki da ci, tsinta ba ta riƙe ta. A ba ta aƙalla rabin abincinta daga buhu, tsaba ta zama ƙari.

Wannan awo ba a tsaye yake ba, da shekara yake tafiya. Da damina ƙwari da tsutsa da haki sun wadata, abin da kaza ta rasa shi ne ƙarfi, don haka zallar tsaba ma ta yi. Sai dai in an kulle su saboda shuka, to komai ya dawo wuyanki, sai cikakken haɗi har giram 70 ko 80. Da kaka hatsi yana zube a ko'ina, a masussuka da gindin turmi da bakin rumbu. Lokacin ki rage tsaba, ki ƙara ƙuli-ƙuli da kifi. Daga tsakiyar rani zuwa bazara kuwa ƙasa ta ƙone, babu ƙwaro babu haki, nan ne ake kai awo ƙarshensa tare da ganye da gara.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne agogo. Abin da kika watsa ya ƙare cikin minti 15 zuwa 20. In ya wuce haka akwai saura a ƙasa, gobe ki rage.

Lokaci da wurin watsawa

Kajin keji su fara da abincin buhu da sassafe, lokacin da suke da yunwa. Tsaba sai bayan la'asar. In kika juya tsarin, za su cika ciki da tsaba su yi wa abincin kirki yanga.

Masu yawo kuma ki ba su kashi ɗaya cikin uku da safe, sauran da marece. Kazar da ta ƙoshi da safe inuwa take nema ta kwanta, mai ɗan saurar yunwa ita ke fita tono. Na marecen yana da wata riba: shi ke koya musu dawowa gida. Ki riƙa kaɗa gwangwanin ko yin kira iri ɗaya kullum, ki watsa a bakin akurki. Cikin 'yan kwanaki za su riƙa taruwa da kansu kafin magariba, ki ƙirga su, ki ga wadda ke ɗingishi ko ta yi jugum, ki rufe. Da zabbi ma haka ake yi, su da suka fi kaji nisan kiwo.

Zafin Sakkwato sai an yi masa shiri na musamman. Daga Maris zuwa Mayu awon zafi yana haura digiri 40, kaza kuma ba ta gumi, haki take yi da baki a buɗe tana saukar da fukafukai. Narkar da abinci yana ƙara mata zafin jiki 'yan sa'o'i bayan ta ci. Don haka daga hantsi har la'asar sakaliya kar a ba su tsaba, ruwa kawai da inuwa. Kazar da tsaba ta tara wa kitse ita ke fara faɗuwa a irin wannan rana. Da hunturu kuwa na marece yana da daɗi, su kwana da ciki a cike cikin sanyin Disamba da Janairu.

Ki watsa da faɗi, kar ki zuba tsibi guda. Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, in wuri ya matse manyan ne za su cinye su kori sauran da sara. A keji, watsa a kan shimfiɗar ɓuntun shinkafa ko dusar katako in a bushe take. Tonon da za su yi yana juya shimfiɗar ta sha iska, yana kuma ɗauke musu hankali daga figar juna. A tsakar gida ki share wurin tukuna, ki riƙa sauya shi. Ƙasar da kashin kaji ya taru a kanta ita ke ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki da cutar kashin jini. Da damina ma a bar watsawa a ƙasa, a zuba a faranti ko tsagaggen bututun roba a ƙarƙashin rumfa.

Ragowar tsaba tana gayyato baƙi. Da rana kurciyoyi da tattabaru da ƙananan tsuntsaye, waɗanda kan iya kawo cuta. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a 2006, a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, kuma tun lokacin takan dawo. Da dare ɓeraye da gafiya, maciji kuma yana biye da su. Ki kuma yi hattara da awaki da tumaki. Akuyar da ta samu buhun hatsi a buɗe za ta ci har cikinta ya kumbura, wani lokaci ta mutu.

Tsakuwa, ɓawo da ruwa

Kaza ba ta da haƙori. Tsabar da ta haɗiya ƙundu ne ke niƙa ta, da taimakon ƙananan tsakuwa da take haɗiya. Mai yawo tana tsintar nata. Wadda ke kulle a kan siminti kuwa sai kin kawo mata, in ba haka ba za ki ga ƙwayar dawa ta fito a kashi yadda ta shiga. Yashi mai kaushi irin na bakin gulbi, a wanke, a shanya, a zuba a wani gwangwani daban a kusurwa. Za su ɗauki abin da suke so.

Tsakuwa ba ta maye gurbin kalsiyam. Ɓawon ƙwai ɗaya yana ɗauke da wajen giram 2 na kalsiyam, mai saka ƙwai kullum kuma tana buƙatar kusan giram 4 a abinci. In ba ta samu ba daga ƙashinta jikinta ke cira, shi ya sa wata takan gurgunce tana tsakiyar ƙwai. Ki tara ɓawon ƙwan da kuka ci, ki gasa a kasko, ki daka har ya ɓata kama, don in suka gane ɓawon ƙwai ne za su koyi fasa nasu. Ƙashin da aka ƙona har ya yi fari aka daka shi ma yana yi. Masu sayar da abincin kaji suna da dakakken dutsen farar ƙasa, irin dutsen da ake haƙa a Kalambaina don yin siminti, da ɓawon kawa. Na abincin kaji za ki saya. Siminti ko farar ƙasar shafen bango ƙona musu ciki za su yi. Shi ma a gwangwaninsa daban, kar a cuɗa a tsaba, don zakara da ƙananan kaji ba sa buƙatar mai yawa.

Busasshiyar tsaba tana jan ruwa. Kaza tana shan kusan ninki biyu na nauyin abin da ta ci, da bazara har ya fi haka nesa, ƙwai kansa kuma kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Kaskon ƙasa a inuwa ya fi roba riƙe sanyi. A sauya ruwan da safe, da azahar, da marece. Ruwan da ya yi zafi kaza ƙinsa take yi ko tana jin ƙishi.

'Yan tsaki

Na gidan gona, sitata kawai, wato abincin buhu na 'yan tsaki, har mako shida zuwa takwas. Suna buƙatar furotin kashi 18 zuwa 20 ko fiye, babu gurbin tsaba a cikinsu.

Na kazar Hausa, tsaki mai laushi na gero ko masara, a cuɗa da garin ƙuli-ƙuli, a makon farko a murmushe musu dafaffen ƙwai, daga baya ƙananan gara. In da hali, mudu ɗaya ko biyu na sitata a makonni huɗun farko yana rage mutuwa sosai. Matsalar ita ce manyan kaji suna cinye musu. Maganinta a kifa babban kwando ko a yi ɗan keji na kara, a bar ƙofofin da ɗan tsako zai shiga amma babba ba za ta iya ba, a sa abincin a ciki. Yana kuma kare su daga shirwa. Ruwansu a marfi marar zurfi, a jefa tsakuwa a ciki kar su faɗa. Uwar da ke kwanci kuwa a ajiye mata tsaba da ruwa kusa, don sau ɗaya take sauka a yini.

Yadda za ki gane ko awon ya yi

Sau ɗaya a mako, da dare bayan sun kwanta, ki ɗauki biyu ko uku ki shafa. Jakar abincin da ke ƙasan wuya ta kasance a cike da dare, da asuba kuma ta sauka. In ta kwana da tauri ko tana wari, akwai matsala, ki ware kazar ki ba ta ruwa kawai tukuna. Ki shafa ƙashin ƙirji. In ya fito da kaifi babu tsoka a gefensa, abinci ya gaza ko akwai tsutsar ciki. In da kyar kike jinsa, ciki kuma ya yi taushi da nauyi, tsaba ta yi yawa. Ranar da aka yanka ɗaya ki duba da kyau: kitse mai kauri ya lulluɓe ƙundu, hanta ta koɗe ta yi fari-fari tana marmashewa, to saura ma haka cikinsu yake.

Figar gashin juna da cinye shi yakan nuna ƙarancin furotin ko matsatsi. Ɓawo mai laushi da shan ƙwai suna nuna ƙarancin kalsiyam. In za ki gyara, kar ki yanke tsabar rana ɗaya. Ki riƙa ragewa kina ƙara abincin kirki cikin kwana bakwai zuwa goma, sannan ki ba su mako biyu ko uku kafin ki sa ran ƙwai ya dawo.

Akwai abin da ba na abinci ba ne. Kaji su yi jugum da yawa lokaci ɗaya, da koren zawo, da minshari, wuya yana murɗewa, galibi da shigowar hunturu, wannan annobar Niyukasal ce, kuma babu haɗin tsaba ko jiƙon sassaƙe da ke warkar da ita. Rigakafi ake yi tun kafin iska ta juya, a kuma maimaita bayan wata uku ko huɗu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin maganin rigakafin, har da wanda ake ɗigawa a ido. Ki tambayi ma'aikatan lafiyar dabbobi na ƙaramar hukumarku, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Kwalba ɗaya takan ishi kaji masu yawa kuma ba ta ajiyuwa bayan an buɗe, don haka ku haɗu da maƙwabta a yi wa na unguwa gaba ɗaya rana guda. Kazar da aka sayo daga kasuwa kuma a ware ta mako biyu, da kaskonta da gwangwaninta, kafin ta shiga cikin sauran.